Kwamfuta takwas, yara saba'in a aji: ta ina za a fara?

Daraktan wata firamare, Damagaram:

Assalamu alaikum malamai da masana na wannan zaure. Tsofaffin ɗaliban makarantarmu sun ba mu kwamfutocin tafi-da-gidanka guda takwas, na hannu. Biyar madannansu irin na Faransanci ne, uku ta Kano suka zo. Azuzuwan CM1 da CM2, wato biyu na ƙarshen firamare, kowanne yana da yara tsakanin 68 da 74. Wuta a ofis kaɗai take, ita ma tana zuwa tana ɗaukewa, kuma babu intanet. Kwamitin kula da makaranta, CGDES, ya yarda a ware awa ɗaya a mako ga kowane aji.

Yaya za a raba na'ura takwas ga yara saba'in ba tare da an yi rububi ba? Me za a sa a cikinsu? Sannan iyaye sun rabu biyu a kan maganar intanet: wasu na son a koya wa yara haɗarin waya, wasu na cewa yaro ɗan shekara goma in ka yi masa wannan zance ka buɗe masa ido ne. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Malama mai horar da malamai:

Wa alaikumus salam Malam Darakta. Takwas ba su yi kaɗan ba, in dai ba a ce kowane yaro sai ya zauna gaban tasa ba. Yara uku a kan kwamfuta ɗaya, ashirin da huɗu ke nan a zagaye guda, aji ya kasu kashi uku. Awa ɗaya in an cire minti shida na shiga da fita, kowane kashi zai samu minti goma sha takwas. A cikin ukun nan kowa da aikinsa: ɗaya na riƙe da linzami, wato abin da ake motsa kibiyar kan allon na'ura da shi, ɗaya na karanta umarnin da malam ya rubuta, ɗaya na sa ido ya ce "kun yi kuskure". Duk minti shida malam ya tafa hannu su canja. In ba a yi haka ba, yaro guda mai baki wanda ya saba da wayar yayansa shi zai kankane na'urar har shekara ta ƙare, sauran biyun su zama ƴan kallo. Ƴan mata aka fi yi wa haka, shi ya sa a watannin farko gara a haɗa su su kaɗai, uku uku.

Amma ba ashirin da huɗun nan ne abin damuwa ba, arba'in da takwas ɗin da ke jiran layi ne. In suka zauna hannu rabbana, hayaniyarsu kaɗai ta isa ta kashe darasin. Abin daɗin shi ne rabin ilimin kwamfuta na firamare ba ya bukatar kwamfuta.

A fara da madannin kwali. Kowane yaro ya zana madanni a kan kwalin sukari ko na taliya, layi uku na haruffa, na sama ya fara da A Z E R T Y. Malam ya kira kalma, su nemo haruffan da yatsa. Yaron da ya yi mako uku yana wannan, in ya zauna gaban na'ura ba ya ɓata minti shidansa wajen neman harafin M.

Sai wasan mutum-mutumi. A zana gidaje a ƙasa a tsakar makaranta kamar na dara, biyar a shida, amma manya yadda yaro zai iya tsayawa a ciki. A ajiye takalmi a wani gida. Yaro ɗaya ya zama mutum-mutumi wanda ba ya jin komai sai umarni uku: gaba, juya dama, juya hagu. Sauran su rubuta jerin umarnin a kan ardwaz, wato ƙaramin allon hannu, tun kafin ya motsa, sannan a karanta masa ɗaya bayan ɗaya. Kuskuren da kusan kowane rukuni ke yi shi ne su ɗauka "juya dama" na nufin ya taka zuwa dama, alhali juyawa ce kawai a inda yake tsaye. Sai ka ga mutum-mutumi ya nufi katanga, aji ya fashe da dariya. Kada malam ya gyara musu. Ya ce su koma kan ardwaz su nemo layin da ya ɓata tafiyar. Wannan neman shi ne aikin da mai rubuta manhaja yake yi kullum.

Damun kunu ma darasi ne. A ce su jera matakansa daga jiƙa gero har zubawa a kofi. A nan za su gamu da maimaitawa, "a yi ta dakawa har ya yi laushi", da kuma sharaɗi, "idan ruwa ya tafasa a zuba, idan bai tafasa ba a jira". Ranar da suka ga waɗannan a cikin Scratch, manhajar da yara ke koyon jera wa kwamfuta umarni da ita, ba za su zama baƙi gare su ba.

Ga CM2 a ƙara katunan ɗigo: kati biyar masu ɗigo 16, 8, 4, 2 da 1. Yara biyar su riƙe su a gaban aji. Katin da aka nuna 1 ne, wanda aka kife 0 ne. Goma sha uku ita ce 8 da 4 da 1, wato 01101. A tambaye su lamba mafi girma da katunan za su iya bayarwa, su gano 31 da kansu.

Tsarin shekara kuwa, daga Oktoba zuwa Disamba kunnawa, kashewa ta hanyar da ta dace da riƙe linzami sun isa. Danna sau biyu a jere yana wahalar da yara fiye da yadda manya ke zato, domin hannu yana motsawa tsakanin dannawar farko da ta biyu. A koya musu su kafa gindin tafin hannu a kan tebur. Janairu zuwa Maris rubutu, adana aiki da suna, da sake nemo shi. Scratch sai zangon ƙarshe. A yi bayani da Hausa, a nuna kalmar Faransancin da ke kan allon na'ura, yaro ya riƙe duka biyun.

Mai gyaran kwamfuta, Zango:

Malama ta gama da ɓangaren koyarwa. Ni ga na ƙarfe, don kayan hannu in ba a duba su tun farko ba, kafin hunturu ya wuce takwas sun koma uku.

Ranka ya daɗe, kafin yaro ya taɓa su a kife kowace a duba batirinta. Wanda ya kumbura, har ya ɗaga wurin shafa yatsa ko ya buɗe gefen na'ura, a cire shi nan take, kada a huda shi kuma kada a jefa shi cikin shara da ake ƙonawa. Yawancin kwamfutoci suna aiki da caja kaɗai ba batiri. A rubuta lamba 1 zuwa 8 a kan kowace na'ura da cajarta. Cajoji suna kama da juna amma ƙarfinsu ya bambanta, wata volt 19, wata 19.5, wata 20, kuma bakin da ya shiga da ƙyar yana lalata wurin caji.

Waɗannan ukun na Kano madanninsu irin na Ingilishi ne, wato QWERTY. In aka sa musu tsarin Faransanci, yaro zai danna inda aka rubuta Q ya ga A ta fito, ya ɗauka shi ne ya yi laifi. Ko dai a liƙa ƙananan takardun haruffa a kan maɓallan da suka bambanta, A, Q, Z, W, M da layin lambobi, ko a sayi madanni na waje mai USB. Linzami na waje kam dole ne ga dukkansu, wurin shafa yatsa ba na mai koyo ba ne.

In na'ura tana mance kwanan wata duk lokacin da aka kashe ta, ƙaramin batirin cikin allon uwa ne ya mutu, galibi CR2032 mai kama da kwabo. Abu ne ƙarami amma yana hana shafukan intanet buɗewa, saboda na'urar tana ganin takardar shaidar shafin ba ta dace da kwanan watanta ba.

Me za a sa a ciki? Shawarata a goge abin da suka zo da shi. Kamfanin Microsoft ya daina gyaran tsaron Windows 7 tun Janairun 2020, na Windows 10 kuma a ranar 14 ga Oktoban 2025. Na'ura mai ƙwaƙwalwar giga 4 tana tafiya lafiya da Linux Mint Xfce ko Lubuntu a madadin Windows, kyauta ne kuma akwai Faransanci. Babbar ribar ita ce ƙwayar cutar nan ta kile USB, ƴar ma'ajiyar fayil da ake sokawa a na'ura, wadda ke ɓoye manyan fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu, ba ta aiki a kan Linux. Malami ɗaya ya kai kile wurin masu buga takardu ya dawo ya soka, in Windows ce ba riga-kafi, duk takwas ɗin za su kamu cikin mako. A buɗe asusu biyu a kowace: na malam mai kalmar sirri, da na ɗalibi wanda ba zai iya sakawa ko cire manhaja ba.

Manhajojin duk suna aiki ba intanet. GCompris na yara ƴan shekara 2 zuwa 10 ne, yana da ayyuka sama da ɗari, har da koyon linzami, madanni da lissafi. Tux Paint na zane. LibreOffice Writer na rubutu. Scratch, na jami'ar MIT ta Amurka, an yi shi don ƴan shekara 8 zuwa 16. Sai Kiwix, wanda ke buɗe Wikipedia a ajiye cikin na'ura: a sauko da Vikidia ta Faransanci da aka rubuta don yara, da Wikipedia ta Hausa. A sauke su sau ɗaya a inda rezo, wato siginar intanet, yake da ƙarfi, a kwafa wa sauran.

Wuta. Kowace na'ura tana cin wajen watt 35 tana aiki, takwas watt 280 ke nan. Awa huɗu a rana ya kama watt-awa 1,120, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu na asarar da ake yi a hanya, a ce 1,400. Panno biyu na hasken rana masu watt 250 kowanne, da awa biyar na rana mai ƙarfi, bayan an cire abin da zafi da ƙura ke ci, suna ba da wajen 1,750. Ya isa. Batiri biyu masu volt 12, amfiya 100, a haɗa su a jere su ba da volt 24, da na'urar daidaita caji mai amfiya 30. Batirin gubar nan ba a zuƙe shi ya wuce rabi, wanda ya saba kai shi ƙasa zai sayi wani kafin shekara biyu. Zafi ma yana cin rayuwarsa: duk ƙarin digiri goma a kan 25 yana raba ta biyu, mu kuwa Afrilu da Mayu muna wuce 40. Saboda haka kada a ajiye shi a ɗakin kwano da ke rufe, a samu wuri mai inuwa da iska, a ɗaga shi daga ƙasa. Injin juya wuta, mai mayar da wutar batiri irin ta gida, a nemi mai tsabtatacciyar wuta, mai arhar nan yana sa caja zafi da ƙara.

Panno ya fuskanci kudu, a karkace shi wajen digiri 15. Lokacin hazo a share shi sau biyu a mako da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kowa ya san yadda ruwa yake a garin nan, tsumma mai laushi da rabin buta sun wadatar.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Tana toshe fanka, na'ura ta yi zafi ta mutu da kanta ana tsakiyar aiki. In an gama a bar su su huce, a sa cikin akwatin ƙarfe mai makulli. Kada a rufe su da zane suna kunne, kada a ɗora su a kan tabarma ko katifa. Duk wata uku a hura ramukan iska, amma a tokare fankar da tsinke don kada iskar ta juya ta fiye da kima. Darasin watannin zafi a mayar da shi safe.

Malamar CM2, mamba a ƙungiyar uwaye ta makaranta:

Malam Darakta, tambayarka ta uku ita ce ta fi sauran nauyi. Masu cewa za a buɗe wa yara ido su duba da kyau: idon a buɗe yake tun tuni. Yaro ba ya da waya, amma wayar uwarsa a hannunsa take kwana. Shi ke kunna mata saƙon murya, shi ke sa mata kiredi, shi ake aika ya kai caji, kuma sau da yawa shi ya san lambar sirrin kuɗinta domin ita ba ta karatu. Hotuna da bidiyon banza ma ba ta intanet suke fara iso masa ba. Ta katin ajiya ne da aka kai wurin masu tura finafinai, da Xender da Bluetooth daga wayar aboki. Babu wani shingen da za a sa a makaranta da zai tare wannan.

Wa'azin "intanet ba kyau" ba ya aiki. Abin da ke aiki shi ne a yi wasan kwaikwayo da tarkunan da suke gamuwa da su, har amsar ta zauna musu a baki kamar karatun allo. Minti goma a ƙarshen kowane darasi, tarko ɗaya a mako, a yi ta juyawa.

Tarkon lamba mai alƙaluma shida. Wani ya kira ko ya turo saƙo: "Na yi kuskure lambata ta shigo wayarku, don Allah karanto min." Lambar nan ita ce mabuɗin WhatsApp na mai wayar. Da zarar an karanta masa ya kwashe asusun, ya shiga roƙon kuɗi wurin dangi da sunan uwar yaron. Malama ta zama mai kiran, ta yi magiya, ta yi rantsuwa, ta kira yaron "ɗana", ta ce gaggawa ce mara lafiya na asibiti. Amsa ɗaya ce: "Ba na ba da lamba, bari in kira babba." A maimaita har wanda ya fi kowa kunya ya iya faɗinta da ƙarfi. Yaranmu an rene su a kan kada su musa wa babba, kuma da wannan tarbiyyar mayaudari yake kama su. Dole a gaya musu a fili cewa ƙin ba da lamba ba rashin kunya ba ne.

Tarkon kyauta. "Ka ci mota", "ka ci giga hamsin, tura wa mutum ashirin", "an turo maka kuɗi bisa kuskure, mayar". A tambayi aji: wa ya shiga gasar? Ba kowa. To ta yaya aka ci? Su da kansu za su ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Saƙon kuɗi na gaskiya ana tabbatar da shi ne ta duba abin da ke cikin asusu, ba ta karanta saƙon da wata lamba ta turo ba.

Tarkon hoto, wanda ya fi shafar ƴan mata amma bai bar maza ba. Yana farawa da gaisuwa da yabo, sai ɗan kiredi, sai "turo min hotonki", sai "ba mayafi", sai barazanar yaɗawa. Ba sai an yi wa yara bayanin da ya wuce shekarunsu ba. Alama biyu sun isa: duk wanda ya nemi hoto, da duk wanda ya ce "kada ki gaya wa kowa". Don su gane hoto ba ya dawowa, a rubuta kalma a takarda a ba yaro ɗaya, duk wanda ya gani ya kwafa ya miƙa wa biyu. Bayan minti uku a ce mai takardar farko ya tattaro duka. Wasu sun riga sun shiga aljihu, wasu sun fita ta taga.

Sai jita-jita. A raɗa wa na farkon layi jimla, ta bi kunne kunne zuwa ƙarshe, a ji abin da ta zama. Daga nan a ba su tambaya uku ga kowane saƙon murya ko bidiyo: wa ya faɗa, yaushe, a ina? A nuna musu alamar kibiya biyu da WhatsApp ke sa wa saƙon da aka yi ta turawa. A gaya musu yanzu na'ura tana iya ƙera hoto da muryar mutum ta ce abin da bai faɗa ba.

Duk wannan zai tashi a banza in yaron da ya kawo ƙara ya sha duka. Yarinya ta nuna wa uwarta saƙon banza, aka zane ta aka ƙwace wayar, to ta koyi darasi guda: gobe ta yi shiru. Kuma shirun nan shi mai barazana yake so. A kira taron uwaye, kowa ta zo da wayarta, a yi abu uku a wurin. A shiga WhatsApp, Paramètres, Compte, Vérification en deux étapes, a sa lambar sirri mai alƙaluma shida da ita kaɗai ta sani. A shiga Confidentialité, Groupes, a zaɓi Mes contacts don kada baƙo ya jefa lambar cikin rukuni. A kashe saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, wanda ke rage cin forfe, wato datar intanet, ma. Lambar sirrin kuɗi kuma a raba ta da 1234, 0000 da shekarar haihuwa. A tuna musu Facebook da TikTok da WhatsApp su da kansu sun ce sai ɗan shekara 13, yawancin yaran firamare ba su kai ba.

Malamin kwamfuta a kwaleji:

Na yarda da Malama a kan komai, amma ina da ja a kan barin makaranta ba intanet kwata-kwata. Yaron da bai taɓa ganin babba yana bincike a gabansa ba, yana zuwa ajin farko na kwaleji yana ɗauka duk abin da ya fito a saman shafi gaskiya ne. Sau ɗaya a wata malam ya raba rezo daga wayarsa zuwa na'ura ɗaya tak, wadda ke hannunsa, yara su kewaye shi kashi kashi. A nemi abin da suka sani da idonsu, misali fadar Sarkin Damagaram ko matatar mai ta SORAZ, a buɗe shafi biyu ko uku a gwada abin da suka ce. A nuna musu wanne ne talla, wanne ne maɓallin "sauke" na ƙarya, da yadda ake rufe tagar da ta buɗe kanta ba tare da an danna cikinta ba.

Kafin nan a sa matata. Mafi sauƙi ita ce a canja DNS na na'urar, wato adireshin da take tambayar hanyar shafuka, zuwa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare, waɗanda ke tare shafukan batsa da na ƙwayoyin cuta. A wayar Android daga ta 9 zuwa sama, a shiga DNS privé a rubuta family.cloudflare-dns.com. Amma a san iyakarta: sunan shafi take tarewa, ba ta ganin abin da ke cikin TikTok ko rukunin WhatsApp, kuma manhajar VPN, mai bi da na'ura ta ɓoyayyar hanya, tana tsallake ta. Kullum malam ya gwada kalmar binciken shi kaɗai tun daren jiya, don kalma mai tsabta tana iya jawo hoto mara tsabta. In an bar wata na'ura da Windows, a sa haɗin a matsayin connexion limitée, in ba haka ba sabuntawa za ta shanye forfe kafin a buɗe shafi ɗaya.

Wani abu da aka manta: haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ, ɗ, ɓ, ƴ. Gboard yana da madannin Hausa a waya, Linux ma yana da tsarin Hausa da ake ƙarawa. Yaro ya ga bambancin "kasa" da "ƙasa" a kan allon na'ura tun yanzu.

Daraktan wata firamare, Damagaram:

Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Saura biyu. Tsofaffin ɗaliban suna son hotunan yara a gaban kwamfutocin don su sa a Facebook. Ya halatta? Sannan in yaro ya zo wa malami da maganar wani na yi masa barazana a waya, me malamin zai yi a ranar?

Ma'aikaciyar kare haƙƙin yara:

Malam Darakta, hoton fuskar yaro da sunansa bayanan sirrinsa ne, kuma ƙasar nan tana da dokar kare irin waɗannan bayanai da hukumar da ke kula da ita, HAPDP. Hanya mafi aminci ita ce a ɗauki hoton daga baya, a ga kawuna da hannaye da na'urori, ba fuska. In dole sai da fuska, a nemi izinin uba ko uwa a rubuce, a karanta wa wanda ba ya karatu da Hausa kafin ya sa hannu, kuma kada a haɗa fuska da cikakken suna da sunan makaranta a wuri ɗaya. Takardar sakamakon jarrabawa mai sunaye da ranakun haihuwa ma kada a jefa ta a rukunin WhatsApp na iyaye, daga nan ba a san inda za ta kwana ba.

In yaro ya kawo ƙara, malami ya ja shi gefe inda ba a ji, amma ba a ɗaki a rufe ba, kuma yarinya a haɗa ta da malama. Kalmar farko ita ce "ka kyauta da ka faɗa". Kada a tambaye shi "me ya kai ka", kada a yi masa alkawarin ba wanda zai ji, a ce za a gaya wa wanda zai taimaka kaɗai. A rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da kwanan wata.

Kuskure biyu ake yawan yi. Na farko a goge saƙonnin don kunya, shaida ta tafi. Na biyu malami ya tura hoton zuwa wayarsa ko ta darakta wai don a ajiye hujja. Hoton tsiraicin yaro, riƙe shi da tura shi laifi ne a ƙarƙashin doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 a kan laifukan intanet, ko da niyyar mai turawa kyakkyawa ce. A bar komai a cikin wayar da ya shigo. A rubuta lambar mai barazanar, sunan asusunsa da lokutan saƙonni a takarda. Kada a amsa masa, kada a biya ko dala, domin wanda aka biya sau ɗaya yana dawowa. Darakta ya kira iyaye a ranar, ya fara kwantar musu da hankali kafin su ga yaron, sannan a kai wayar ga ƴan sanda, a nemi sashen da ke kula da ƙananan yara. Toshe lambar sai bayan sun gani. In mai barazanar ɗan gida ne ko maƙwabci, wanda yakan faru, kada a yarda a kashe maganar a zaure a mayar da yaron inda yake.

Mai gyaran kwamfuta, Zango:

Na manta da babban hutu. Kafin a rufe makaranta a caja batiran kwamfutocin zuwa rabi, ba cikakke ba kuma ba fanko ba, a kashe su gaba ɗaya. Akwatin a ɗora shi a kan bulo nesa da bango, saboda yoyon damina da gara. Batiran panno kuwa a bar su a haɗe da na'urar caji, a kashe injin juya wuta kaɗai, in aka cire su suka yi wata uku a zube ba za su sake riƙe wuta kamar da ba. A ba mai gadi tsumma ya riƙa share gilashin, kuma a gaya masa wurin ba na cajin wayoyin unguwa ba ne.